Kiristan Arewa A Mil 2 Diobu

Duk wanda ya taɓa kwana a Mil 2 ta unguwar Diobu cikin birnin Fatakwal ya san unguwar ba ta jiran fitowar rana kafin ta tashi. Tun da sauran duhu za ka ji kiran salla daga wani ɗan masallaci na mutanen Arewa, kafin a idar kuma sai ga mai wa'azin titi da ƙararrawarsa yana ratsa layi yana kiran jama'a su tuba. Can kuma bokitai sun fara karo a bakin famfo, jim kaɗan masu shagunan Ikoku da na Iloabuchi su shiga jan ƙofofin ƙarfe. A cikin wannan hayaniya akwai wani mutum wanda ba safai ake lura da shi ba, shi ne kuwa muke so mu yi magana a kansa a wannan fili yau. Ɗan Arewa ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano, da ita yake ciniki, da ita yake faɗa, da ita yake addu'a, amma Kirista ne.

Wannan bawan Allah baƙo ne riɓi biyu. Maƙwabcinsa ɗan Ikwere ko Ibo ko Ogoni yana kiransa "Aboki" ko "Malam", ran Lahadi kuwa in ya gan shi ya saɓa Littafi Mai Tsarki a hammata sai ya riƙe baki, don a iya saninsa duk wanda ya fito daga hayin Binuwai Musulmi ne. Ɗan'uwansa na Arewa kuma, wanda suke shan shayi a tebur ɗaya, ran da ya ji sunansa Bulus ko Ishaya sai ka ga hirar ta ɗan yi sanyi. Ke nan ya zama jemage, tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobi kuma suna yi masa kallon mai fiffike.

Ba kuwa 'yan kaɗan ba ne. Akwai Bajju da Atyap da Ham daga kudancin Kaduna, akwai Birom da Angas da Tarok daga Filato, akwai Tangale da Waja da Sayawa da Bacama da Margi da Bura da mutanen Zuru, har da Hausawa tsantsa daga ƙauyukan Kano da Katsina waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka karɓi bishara. Wasunsu soja ne ko ɗan sanda, wasu malaman asibiti ko na makaranta, amma mafi yawan waɗanda muke nufi masu gadi ne da direbobi da 'yan dako da masu sauke doya da dankalin Turawa, waɗanda ba su da wani jari sai ƙarfinsu da sunansu.

Ya kamata mu ɗan koma baya don mai karatu ya ga yadda aka yi suka zo nan. Fatakwal dai gari ne da gawayin ƙasa ya haifa. An gano kwal a wajen Udi kusa da Inugu a 1909, Turawa suka nemi gaɓar da za su riƙa loda shi a jirgin ruwa, suka yanki ƙasar mutanen Diobu da maƙwabtansu suka fara aikin tasha, a 1913 kuma Lugga ya sa wa garin sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila a lokacin. Layin dogo ya kai Inugu a 1916, ya haɗe da na Arewa ta Kafanchan a 1927, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Kafanchan kuwa tana tsakiyar ƙasar da mishan suka fi yin aiki. Saboda haka jirgin da ya sauko da fataken shanu da na albasa shi ne ya sauko da ɗan mishan mai neman aikin leburanci. Yaƙin basasa ya ƙaro wasu, gama sojan tarayya da suka shiga Fatakwal a watan Mayu na 1968 da yawansu 'ya'yan waɗannan ƙabilu ne, kuma Hausa ce harshen bariki. Kai, ita kanta Jihar Ribas ai Yakubu Gowon ne ya ƙirƙiro ta ran 27 ga Mayu, 1967, shi kuwa ɗan mai bishara ne, Ba'angashe, wanda ya tashi a Wusasa. Yanzu manyan motoci ne ke sauko da mutane, amma hanyar ita ce dai ta jiya.

Me ya sa mutumin da ke da harshen uwarsa yake sujada da Hausa? Nan ma labarin ya biyo ta Kudu. A 1841 wani Bajamushe mai suna Schön ya hau kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kama nazarin Hausa har ya fara juya wasu sassa na Littafi Mai Tsarki. A 1857 Crowther da J. C. Taylor suka kafa mishan a Anaca, idonsu kuwa yana kan Arewa. Daga baya Likita Mila ya zauna Zariya a 1905, mishan ta koma Wusasa a 1929, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Mishan ɗin da suka shiga Wase a 1904 da Garkiɗa a 1923 da sauransu sun tarar da harsuna barkatai, dutse ɗaya harshe ɗaya, sai Hausa ta zama igiyar da ta ɗaure su. Da ita aka yi littafin waƙoƙi, da ita aka horar da masu bishara, har ma sunayen ikkilisiyoyi irin su EYN da HEKAN da tarayyar TEKAN daga kalmomin Hausa aka harhaɗa su. To, yau ga wannan Hausa ta majami'a ta sake gangarowa bakin teku a bakin 'yan ci-rani, a rassan da ikkilisiyoyin Arewa irin su ECWA da COCIN suka buɗe a manyan garuruwan Kudu.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, mun lura ana yawan zancen "girma cikin ruhu" a bakin masu wa'azi, amma ba a cika faɗa wa ɗan ci-rani inda ake auna wannan girma ba. A ganinmu a Diobu awon yana tsakar gida da bakin kasuwa, tun daga Litinin har Asabar. A ƙauye bangaskiyar mutum jama'a ce ke tallafe da ita. In bai je sujada ba kakarsa za ta tambaya, in ya sha ya yi tangaɗi dattawan ikkilisiya za su kira shi, in ya ci bashi ya ƙi biya gari duka ya ji. Da ya sauka tasha a Fatakwal sai duk wannan ya yanke. Ba wanda ya san ubansa, ba wanda zai kai rahoto gida. A nan ne mutum yake gane ko abin da ke zuciyarsa nasa ne, ko kuwa rigar aro ce da ya saba sawa don idon mutane. Wasu sun gane rigar aro ce, suka tuɓe ta tun a watan farko. Wasu kuwa a nan suka fara addu'a ta gaskiya, don karo na farko ke nan da ba wanda ya sa su.

Mu ɗauki gidan haya. Galibin gidajen Diobu irin waɗannan ne masu ɗakuna a jere suna kallon juna, soro ɗaya, makewayi ɗaya, madafa ɗaya, ga damina mai tsawo wadda in ta kankama lambatu ke cika ya shigo tsakar gida. A gida guda sai ka tarar da kabila biyar ko shida. Sunayen titunan ma sun isa shaida cewa unguwar baƙi ce tun asali, ga Afikpo, ga Nanka, ga Ojoto, ga Akokwa, duk sunayen garuruwan Ibo. A irin wannan gida ba a ɓoye hali. Kowa ya san wanda ke tsallake layin wanka, da wanda ke zamewa ran wankin makewayi, da wanda in an zo karɓar kuɗin wuta sai ya kulle ƙofa ya yi lamo. Wakilinmu ya taɓa zama a wani gida irin wannan, inda wata mata 'yar Zumuntar Mata take, ba ta taɓa tare kowa da wa'azi ba. Abin da aka san ta da shi, ran da tsohuwar ɗakin ƙarshe ta kwanta ciwo, wadda ba kabilarsu ɗaya ba ba kuma majami'arsu ɗaya ba, ita ce ta riƙa ɗebe mata ruwa tana wanke mata zane har ta miƙe. A gidan nan kuma akwai wani mai rera waƙar yabo da ƙarfi tun ƙarfe huɗu na asuba, wanda duk gidan suka san ya fi shekara yana riƙe da kuɗin adashin mutane. Ba sai mun faɗa wa mai karatu wanda aka fi jin maganarsa a gidan ba.

Sai kuma amana, wadda ita ce jarin ɗan Arewa a Kudu tun kaka da kakanni. Dalilin da ya sa attajirin Fatakwal yake miƙa wa ɗan Arewa mabuɗin gidansa ya tafi Ikko ko ƙasar waje ya yi wata guda, saboda wani suna ne da magabata suka gina, Musulminsu da Kiristansu, ba kuwa da sauƙi suka gina shi ba. Mai gadin da ke zaune bakin ƙofa yana kallon motoci uku a ajiye, alhali albashinsa bai isa ya biya wa ɗansa makaranta ba, yana cikin jarrabawa kowane dare. Ga man janareta a jarka, ga wanda zai zo ya raɗa masa cewa ya dai kau da kai na minti goma. Kiristan da ya san Littafinsa zai tuna da Yusufu, wanda shi ma baƙo ne a Masar, bara ne a gidan wani, aka damƙa masa kome, kuma riƙon amanar bai hana shi shiga kurkuku ba. Muna faɗin wannan ne don kada a ruɗi kowa cewa gaskiya tana biya nan take. Sau da yawa mai gadin kirki haka zai tsufa a bakin ƙofa, a sallame shi ba ko sisi, kuma wannan abin kunya ne ga masu gidajen da ke zama a sahun gaba ran Lahadi. Amma duk wanda ya ci amana a Diobu ya sani ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya rufe ƙofa ne ga yara goma da za su sauko daga garinsu baɗi.

Haka zancen mudu da sikeli. Littafin Karin Magana ya yi tir da ma'aunin zamba, Alƙur'ani ma yana da sura guda a kan masu tauye awo, saboda haka a nan babu wanda zai ce addininsa bai gaya masa ba. Amma je ka bakin kasuwa ka ga mudun da aka bubbuge gindinsa, da buhun da aka jera manyan albasa a baki aka cusa ruɓaɓɓu a ciki, da kwandon tumatir da aka cika rabinsa da ciyawa. In mai yin haka ya je ya ba da zakka daga cikin ribar, to, me ya kai gaban Ubangiji?

Wannan ya kawo mu ga wani abin da ke damunmu ƙwarai. Fatakwal gari ne na majami'u, kusan kowane layi akwai allo da hoton wani "bawan Allah" da alkawarin mu'ujiza. Ba mu ce duka na banza ba ne, akwai masu aikin kirki da yawa, masu makarantu da asibitoci da ciyar da marayu. Amma akwai waɗanda suka mai da talaucin mutane gona. Yaro ya sauko daga Arewa da 'yar jakarsa, ya yi wata uku bai sami aiki ba, sai a ce masa wata tsohuwa ce a ƙauyensu ta ɗaure masa sa'a, ya kawo "iri" ya shuka a kwance shi. Kuɗin da ya kamata ya aika wa uwarsa ta sayi taki sai ya ƙare a kan man shafawa da ruwan kwalba, daɗin daɗawa kuma ya koma yana zargin gwaggonsa da maita, zumunci ya lalace. Iyayen da suka koyi karatu a ajin mishan don su iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansu ba haka suka koyar ba. Waɗanda suka ga zamanin Sabon Rai Don Kowa, wanda aka fara a farkon shekarun 1960, za su tuna cewa ƙarfinsa yana cikin ƙananan taron addu'a na gida-gida da fitar talakawan masu bi biyu-biyu, manomi da tela da matar aure, ba mai karɓar ko kwabo. Wanda ke neman girma na dare ɗaya ya tuna da rogon da ake nomawa a nan Ribas, ba a tona shi a wata biyu, in ka matsa sai ka sami saiwa.

Ɗaya tarkon kuma shi ne na ƙungiyoyin asiri na samari, waɗanda suka daɗe suna addabar Diobu, har a watan Agusta na 2007 faɗansu ya kai aka zuba soja a titunan Fatakwal. Yaron da ba shi da kowa, wanda majami'a ba ta san da zuwansa ba, shi ne ya fi sauƙin kamu, don su ma 'yan'uwantaka suke tallatawa.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi nauyi, wato zaman Kiristan Arewa da Musulmin Arewa a baƙon wuri. Kowa ya san abin da ya faru a Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da Kaduna a 2000, da Jos a 2001 da bayanta. Mutanen da suka sauko Diobu ba su bar waɗannan raunuka a tasha ba. Akwai wanda aka ƙone gidan ubansa, akwai wanda aka kashe ƙanensa, ta wannan gefe da ta wancan. Sai ga shi neman abinci ya haɗa su a rumfa ɗaya. Gafara abu ne mai daɗin wa'azi, amma a ce kullum safiya ka gai da mutumin da ya fito daga ɓangaren da suka ƙone muku gari, ka ba shi canji, ka sha ruwa a kofinsa, wannan makaranta ce da ba kowa ke cin jarrabawarta ba. Duk da haka muna ganin masu ci. Ba baƙon abu ba ne mai tireda ya ce wa maƙwabcinsa Kirista, "Ɗan'uwa, duba mini nan, zan yi salla," ya tafi ya bar aljihun teburinsa a buɗe, ran Lahadi kuma shi ya tsare wa wancan kayansa har a taso daga sujada. Ba a yin taron manema labarai a kan wannan, amma ya fi jawaban da ake yi a otal-otal da sunan zaman lafiya amfani.

Kiristan da ke da ido yana da abin koya daga wannan maƙwabci nasa. Mutumin da ke barin ciniki yana tsaka da ci ya shimfiɗa buhu a gefen titi ya fuskanci Ubangijinsa sau biyar a yini, ba ya jin kunyar kowa, ya isa ya sa mai bi ya tambayi kansa yaushe rabonsa da buɗe Littafinsa in ba Lahadi ba. Musulmin ma yana da abin koya daga yadda matan zumunta ke bin marasa lafiya asibiti-asibiti da kwanon abinci, da yadda ake rubuta kuɗin baiko a karanta wa jama'a lissafi. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

In kuwa hankali bai haɗa su ba, tarihi ya nuna wahala tana haɗa su. A 1966, bayan kisan da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa, gwamnatin Jihar Gabas ta umarci waɗanda ba 'yan jihar ba su fita, aka kwashe 'yan Arewa daga Fatakwal da Inugu da Anaca, a garin Inugun da Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya yi magajin gari a shekarun 1950. A watan Fabrairu na 2006, bayan an kashe Kirista an ƙone majami'u a Maiduguri, aka yi ramuwa a kan 'yan Arewa a Anaca, mutane suka gudu bariki, wasu suka ƙetare gada zuwa Asaba. A watan Oktoba na 2020 hargitsi ya tashi a Oyigbo, gwamnatin Ribas ta kafa dokar hana fita dare da rana wadda ta haɗa har da Mil 1 da Mil 2 da Ikoku da Iloabuchi. A irin wannan rana mai gora ba ya tsayawa ya tambaye ka takardar baftisma, harshenka da kamanninka yake dubawa. Amma a nan ne kuma Kiristan Arewa yake da wani matsayi da ba kowa ke da shi ba. Shi ne zai iya miƙewa a majami'ar 'yan Kudu ya ce mai shayin nan na bakin layi ba shi ya ƙone coci a Maiduguri ba, a saurare shi domin ɗan'uwa ne cikin bangaskiya. Shi ne kuma zai iya zama a majalisar 'yan Arewa ya faɗa musu da Hausa abin da ke ƙona wa masu gari rai. Jemagen da muka ambata ɗazu yana iya shiga inda tsuntsu ba ya shiga, in har ya yarda ya ɗauki wannan nauyi maimakon ya laɓe.

Akwai wata tambaya da ke cin zuciyar ɗan ci-rani, ko da bai furta ba: nan gida ne ko zango? Diobu ba ta sauƙaƙa amsar. An rushe unguwar bakin ruwa ta Njemanze a watan Agusta na 2009, kasuwar Mil 1 ta ƙone a watan Disamba na 2013, a farkon 2022 kuma aka sake rushe unguwannin bakin ruwa da dama a Diobu, dubban mutane suka kwana a fili. Tun daga ƙarshen 2016 baƙin toka ya riƙa sauka a kan garin, ka shanya farar riga ka ɗauke ta da ɗigo-ɗigo. Mai ganin haka sai ya ce me zai sa in share lambatun garin da ba nawa ba, bari in tara abin da zan tara in gudu. Masu bi kuwa suna da wasiƙar da Annabi Irmiya ya aika wa Yahudawan da aka kwasa zuwa Babila, waɗanda su ma suke ƙirga kwanakin komawa, ya shawarce su su zauna sosai su nemi alherin garin da suka sami kansu, don lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Mu dai muna ganin wannan ita ce shawarar da ta dace da Mil 2. Wanda ya yi shekara ashirin yana cin abinci a gari, 'ya'yansa a nan aka haife su, amma ran aikin gayya na layi ba a ganinsa, taron masu haya ba a ganinsa, bai kyauta wa garin ba, bai kuma kyauta wa addinin da yake wakilta ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ikkilisiyoyin Arewa, tun daga hedkwatocinsu a Jos da Kaduna har zuwa rassan Kudu, su daina ɗaukar waɗannan 'yan ci-rani kamar tumakin da suka ɓace wa lissafi. Abu ne mai sauƙi faston ƙauye ya ba yaron da zai tafi Fatakwal takarda zuwa ga faston can, ko ya buga masa waya, tun da yanzu kowa na da ita a aljihu. A kuma duba lokacin sujada. Mai gadi da ɗan dako ba su da Lahadi irin ta ma'aikacin ofis, in ba a shirya musu wani taro da yamma ko a tsakiyar mako ba, to, an rufe musu ƙofa ne da sunan tsari. Fastoci kuma su rage zancen gini da bikin godiya, su yi wa mutane wa'azi a kan bashi da haya da awo da auren da aka baro a gida, gama nan ne ƙafa ke zamewa. Zancen yara ma yana nan. Waɗanda aka haifa a Diobu Turancin buroka ne harshensu, ba su jin Hausar littafin waƙoƙi, ba su jin harshen kakanninsu, sai su zauna a bayan majami'a suna hamma. Ko dai a koya musu Hausar a makarantar Lahadi, ko a yi musu sujada da harshen da suke ji, amma barin su a tsakiya ba dabara ba ce.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan Arewa a Fatakwal da Anaca da Inugu su ma muna da magana da su. In ana zaman shawara a kan abin da ya shafi 'yan Arewa, a tabbata akwai Kirista a wurin, a kuma ba shi bakin magana, kada a tuna da shi sai ran da ake neman yawan kai. Hakanan in ɗan Arewa ya rasu, ko wane ne shi, a taru a yi abin da ya kamata. Mun ga inda gawar ɗan ci-rani ta yi kwanaki a asibiti domin an rasa kuɗin motar kai ta gida, alhali mutanen jiharsu sun fi ɗari a unguwar.

In Disamba ta zo motoci za su cika zuwa Kafanchan da Jos da Biliri da Numan, kowa da buhun garinsa da galan ɗin manja. Amma akwai waɗanda ba za su tafi ba, masu gadin da maigida ya tafi ƙauye ya bar wa gida, da waɗanda kuɗin mota ya gagara. Waɗannan a bakin ƙofa za su yi Kirsimati, su da rediyo. Dattawan ikkilisiya su rubuta sunayensu tun da wuri, a san layin da kowane yake, a raba wa matan zumunta da samari, domin ran bikin kowa a kai masa kwanon shinkafarsa har inda yake, a zauna da shi ko na rabin awa ne.